Bashin Dariya

Ina ɗan shekara tara, a Kumasi,
kawu Tankari ya saɓa ni a wuya
muka kutsa silimar bakin Zango,
wadda rufinta sararin sama ne, kujerunta benci.
Fim ɗin fari da baƙi, tsoho tun a lokacin,
allon na ta yayyafi ba digon ruwa.
Wani Bature mai siririn gashin baki
ya sayi gida, ya ɗauko matarsa cak,
ya tura ƙofa da ƙafa, ƙofa ta kwanta.
Ya murɗa famfo, ruwa ya fito ta murhu.
Ya hau matakala, ƙafa ta burma har gwiwa.
Ba ma jin Turancinsu, ba mu ma nema ba.
Na yi dariya har gyaɗata ta watse.
Kawu ya ce, "Sassauta, yaro,
ita ma dariya bashi ce, akwai ranar biya."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Na gaji da haya a Aboabo,
ciki da baranda, kuɗin shekara biyu a dunƙule,
layin bayi tun kafin assalatu.
Na taka keken ɗinki har ƙafa ta haddace hanya,
sidi kan sidi, na sayi fili bayan Sawaba.
Ranar da na kai bulon farko
na tarar da wani yana haƙa tushe a ciki,
da takardarsa, da hatimi irin nawa sak:
shi ƙanen mai ƙasa ya sayar wa,
ni ɗan 'yar'uwarsa.
Muka tsaya muna kallon juna
kamar kaji biyu a igiya ɗaya.
Na sake biya. Fili ɗaya, ciniki biyu,
ban da na lemon masu shaida.

Mai rijiya ya yi gaba goma sha biyu,
bai samo ko laima ba.
Da damina ta sauka
sai ga idon ruwa a tsakiyar falo.
Taga ta zo ta fi raminta da taƙi guda,
aka fasa bango don a yi mata daidai.
Ka kunna fitilar kicin,
fanka ce za ta amsa daga ɗakin yara.
Bediako kafinta ya rantse da kabarin kakarsa
ko jikana ba zai ga yoyon kwanon nan ba.
Bai yi ƙarya ba.
Jikan bai iso ba tukuna, ni ne nake gani.

Daren jiya talabijin ta rasa abin sakawa
ta tono fim ɗin nan daga inda yake kwance.
Zuwera ta jera bokiti uku, da roba,
da tukunyar da take dafa wake da shinkafa,
kowace da irin muryarta: tal, tul, tas.
Ga mutumina, ko furfura bai yi ba.
Ƙofa ta sake kwantawa.
Amma yanzu na ga abin da ban gani ba a wuyan kawu:
yadda yake juya takardar magini
ya leƙa bayanta, ko jimlar ta ragu,
yadda yake murmushi da baki kawai
idan matar ta waiwayo.

Mukaila, autana, yana birgima a tabarma,
hawaye shaɓe-shaɓe, yana dukan ƙasa.
Na buɗe baki zan ba shi gadon kawu,
sai suka ɗauke wuta.

Shiru. Sai tal, tul, tas.
Can cikin duhu Zuwera ta ce,
"Shi dai nasa awa biyu ne a tashi."
Abin ya kuɓuce mini ta hanci,
na ci sabon bashi a kan tsoho.
Na laluba aljihu, makullin na nan,
na ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa.
Na miƙe ina lalube,
tukunyar wake ta kusa cika.